Dutsen Niƙa a Tsohuwar Maƙabartar Gusau

Jiya muna fitowa daga jana'iza, Kawu ya ja ya tsaya gaban wani tsohon kabari. Ba allo, ba suna, sai dutsen niƙa da ƙasa ta cinye rabinsa.

Na ce, "Kawu, wa ya yar da wannan a nan?"

Ya ce, "Ba yarwa aka yi ba, kakata ta kwance nan. Shekarar babbar yunwa, farkon zuwan Turawa, da shi ta riƙa niƙa wa baƙi gero har rumbunta ya ƙare. Da ta rasu, waɗanda ta ciyar suka ɗauko shi suka kafa mata."

Na durƙusa na shafa. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi sumul saboda niƙa. Na ɗaga hannu na yi mata addu'a.

Allah Ya jiƙanta. Ku fa, wane labarin kakanninku ne bai kamata ya ɓace ba?