Jar Robar da Inna Ta Kasa Ja

Gwiwarta ta dama ce ta kawo Inna Alƙahira. Lokacin ina shekara ta shida a garin. Maigidana yana aikin fassara a wani ofishi a unguwar Dokki, muna zaune a unguwar Faisal, hawa na huɗu, a wani bene da liftarsa ta fi zama a lalace. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da na yi wayo babu wata hira tsakaninmu sai aike da amsa aike. Ƙannena ne 'yan dariya da tsokana. Da aka yanke cewa wurina za a kawo ta a yi mata aiki, na yi murna, amma na kwana biyu ina tunanin me zan riƙa ce mata in muka wuni mu biyu a falo.

Tela ce. Fiye da shekara talatin tana taka keken ɗinki a ɗakinta a Funtuwa, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ƙafafun da na sani ke nan, masu ƙarfi, ba sa hutawa daga hantsi har La'asar. Sai ga shi na tarbe ta a filin jirgi tana dogara sanda, ƙanina yana riƙe da ita.

Aikin ya yi kyau. Ƙanina ya koma gida ya bar mini ita. Bayan an sallame mu aka haɗa mu da likitar gashin ƙashi, wata Bamisriya gajera mai saurin magana. Ita ta ba mu robobi uku masu faɗi kamar ɗamara, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya ja, ɗaya koriya. Ruwan ɗorawar ce mai laushi, ja ta fi ta tauri, koriyar kuwa ni kaina da ƙyar na buɗa ta da hannu. Ta nuna mini yadda zan ɗaure bakin robar a ƙafar gado, in zarga ɗaya bakin a idon sawun Inna, ita kuma tana zaune a kujera ta miƙe ƙafar a hankali ta dawo da ita. Sau goma, a huta, a sake, har zagaye uku, safe da yamma.

"Kada ki tausaya mata," in ji likitar. "Duk wanda aka yi wa gwiwa yana kuka da wannan. In kika bar ta ta zauna, ƙafar za ta sandare." Ta juya wurin Inna ta tafa hannu. "Yalla, ya Hajja!"

Inna ta dube ni. "Me take cewa?"

"Wai ki dage."

"To, Allah ya ba mu iko."

Ranar farko da na durƙusa zan ɗaura mata robar, sai na lura ban taɓa riƙe ƙafar mahaifiyata ba. Dugaduganta duk faso, ga sauran lalle a farcen babban yatsa. Ita ma kunya ta kama ta, ta kau da kai tana kallon shanyar maƙwabta ta taga. Na ce ɗaya. Ta ja, robar ta miƙe, fuskarta ta yamutse. Na ce biyu.

Makonnin robar ruwan ɗorawar nan su ne mafi daɗi a zamana da ita. Don ta manta da zafi sai ta fara magana, ba ta kallona, kamar da bango take yi. Ta ba ni labarin matar da ta kawo atamfa ta ce a ɗinka mata riga da zane da kallabi har da na goyo a turmi ɗaya, da daren sallar da allura ta shige mata yatsa ta cire ta ci gaba. Wani labarin ina nan aka yi shi amma ban taɓa jin sa daga bakinta ba. Wata rana na yi dariya har na ɓatar da ƙirgen, ta ce, "Tara muke, kada ki cuce ni."

Maigidana ya sayo mata wani ɗan keke na ajiyewa a ƙasa, feda biyu kawai da wani maɓalli da ake murɗawa ya ƙara tauri. Ba ta magana da shi kai tsaye, don surukuta. Da ya ajiye ya fita, ta ɗora ƙafafunta ta juya sau biyu.

"Ki ce wa Malam an gode, Allah ya yi albarka," ta ce. "Amma wane irin keke ne wannan, a yi ta taka shi ba zare ba allura?"

Duk da haka ta so shi. Takan taka shi bayan Azahar da carbi a hannu. Burinta ɗaya, ta daina salla a kan kujera ta kai goshinta ƙasa. A mako na biyar ta taka daga ɗaki zuwa kicin ba sanda. Likita ta duba ta, ta ce tamam, wato komai ya yi daidai, a koma kan jar roba.

Daga nan abubuwa suka fara ja baya. Goman da take yi ta koma bakwai, bakwai ta koma biyar. Ta daina ba da labari. Keken ya koma ƙarƙashin tebur. In na tambaya sai ta ce bayanta ne ke ɗan riƙewa, ni kuma in ce ai zama ne ya yi yawa. Maganar likita ce a kaina: kada ki tausaya mata. Ga ƙannena kullum a waya suna tambaya, yaushe za ta dawo, tana tafiya kuwa? Na ɗauki abin a matsayin jarrabawata. An ba ni uwa in gyara, ba na so a ce na kasa.

Wata Talata da yamma na shiga kicin na sauke tukunya, da na dawo sai na ga ta jawo kujerar kusa da gado, yadda robar za ta saki, ta riƙa ɗaga ƙafa ba wahala. Ban san lokacin da murya ta ɗaga ba.

"Haba Inna! Wa kike yi wa wayo? Ni ko kanki? An taso tun daga Funtuwa, an sha wahalar asibiti, sai yanzu ki ce ƙiwa za ki yi? In kin fi son ki ƙare a zaune ki faɗa mini in huta!"

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta dubi hannuwanta. Can ta dafa kujerar ta tura ta baya da kanta, ta miƙo mini ƙafa.

"Ɗaura," ta ce.

Na ɗaura, na fara ƙirga. Ta ja, gumi ya keto mata. A na shida ƙafar ta faɗi kamar ba tata ba. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

"Ba ƙiwa ba ce," ta ce a hankali. "Kiran ƙafar nake yi, ba ta amsawa. Ita ma ɗayar ta fara."

Na ji maganar, amma fushi bai bar ni na fahimce ta ba. Na kwance robar na koma kicin.

Kwana uku bayan haka, da safe tana alwala, ƙafar hagu, wadda ba a taɓa ba, ta lanƙwashe ƙarƙashinta. Na same ta a zaune a ƙasan banɗaki, buta ta kife. Ni da maigidana da mai gadin benen muka sauko da ita hawa huɗu a kan kujera, tana rufe fuska da mayafi don surukinta na ɗauke da ita.

Aka ɗauki hoton bayanta. Wani likita dattijo ya kira mu ofishinsa, ya ce in tambaye ta tun yaushe bayan ke ciwo. Na tambaye ta.

"Tun kafin in taho," ta ce. "Na ga ana ta fama da gwiwa, ban so in ƙara muku wani ba."

Likitan ya yi bayani da Larabci, a nutse. Ciwon daji ne a ƙashin baya, ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu, kuma ya riga ya bazu wasu wuraren. Za a iya rage mata zafi. Daga nan ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Inna ba ta jin Larabci, ni ce bakinta da kunnenta. Ta dube ni.

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki rage."

Na faɗa mata, da Hausa, kalma bayan kalma, ina kallon gefen tebur. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta gyara mayafinta. Sai ta ce, "To, a kai ni gida."

Mun yi kwana goma sha biyu kafin a gama shirin tafiya. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, in shafa mata man zaitun a ƙafafun da yanzu da ƙyar take motsa yatsunsu. Robobin na tattara na jefa a saman kwaba don kada ta gan su, ko don kada ni in gan su. Kullum ina shirya abin da zan ce mata, kullum yana maƙalewa. Sai ana gobe tafiya, ina yi mata kitso, tana jingine da gwiwoyina ba ta ganin fuskata, na samu na ce, "Inna, ki yafe mini ranar nan."

"Wace rana?"

"Ranar da na ce kina ƙiwa."

"Na yafe. Ai lafiyar kike nema mini." Ta numfasa. "Amma kin iya faɗa. Sak babanki."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na ci gaba da kitson ina ɗiga mata hawaye a ka. Ba ta ce in daina ba.

Ƙanina ya zo ya tafi da ita. Ni ban bi su ba, takardun zamana suna wurin sabuntawa, aka ce in bari su fito in same ta. Muna waya kullum. Da farko takan yi magana, daga baya sai dai a kara mata wayar a kunne in gaishe ta, in ji numfashinta.

Takardun suka fito ran Laraba, muka sa ranar tafiyata Lahadi. Ran Juma'a da hantsi ina yanka albasa ƙanina ya kira, bai yi sallama ba, ya ce in yi haƙuri. Matan ɗalibai 'yan ƙasarmu suka cika falon kafin Azahar, wata ta ƙarasa girkin da na bari. Bayan an sauko daga masallaci a Funtuwa aka yi mata salla. Ƙanina ya bar wayar a buɗe a aljihunsa, ina zaune a baranda ina jin kabbarar liman daga nesa, a ƙasa kuma motocin haya suna ta hon, masallacin layinmu yana kiran La'asar.