Layin Wutar da Wakili Ya Bari

Allah ne Ya ba mu shi, kuma Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Malam Wakili Auta, malamin daji na Tabanni a ƙasar Birnin Gwari, ya rasu ranar Laraba, 23 ga Oktoba, 1974, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallah. Na rubuta wannan magana da hannuna, na karanta, na sake karantawa, har yanzu zuciyata ta ƙi karɓa.

Sai da aka yi kusan mako uku sannan na ji. Ina tsaye bakin titi a Leeds, garin Ingila da nake koyarwa, ina jiran bas, sai ga Helen, 'yar yayan abokinmu Enoch, wadda ta iso kwanan nan domin karatun jinya. Tana ganina ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, Turawa suna ratse ta suna waige. Na yi dariya na ce ta tashi kada ta ɓata kayanta. Ba ta tashi ba.

"Baba, yaya haƙuri?"

"Haƙurin wa, 'yata?"

Ta ɗago ta dube ni, ta kai hannu baki. "Wayyo Baba, ashe ba a gaya maka ba?"

Bas ta zo, ta tafi. Wata ma ta zo, ta tafi.

Wakili, kai? Cikinmu mu huɗu da muka taso tare, ni ne mai tari, ni ne mai hawan jini, ni ne wanda likita yake girgiza wa kai. Kai kuwa ban taɓa ganin ka haɗiyi ƙwayar magani ba. Mutumin da zai taka daga Tabanni zuwa Gwaska ya dawo, ya ce wai ya ɗan miƙe ƙafa. Helen ta ce Gwaskan ka je, ganawa da mafarauta kafin lokacin ƙonan daji, yadda ka saba duk shekara. Ciwon ciki ya kama ka bayan azahar. Rafi bai janye ba, mota ba ta shiga. Mutanen garin suka cire ƙyauren wani ɗaki suka ɗora ka a kai, Musulmi da Kirista suna karɓa-karɓa, suna neman titi. Ba su kai ba. Tun muna 'yan makaranta ake yi wa Gwaska alkawarin hanya. Masu alkawarin sun sauya riga sau nawa, daga babbar riga zuwa kaki, ga shi ƙyauren ɗaki ne motar asibitin mutumin da ya fi kowa sanin dajin nan.

Wanda bai san mu ba, bari in gaya masa. Mu huɗu ne daga ƙasar Birnin Gwari muka sami tafiya karatu gab da samun mulkin kai, har ana nuna mu da yatsa a kasuwa. Ni na karanta tattalin arziki. Solomon ya karanta shari'a, yana Legas yanzu yana fama da dokokin ma'aikata. Enoch ya bi taurari, yana Amirka yana auna zafinsu da nisansu. Kai ka zaɓi itatuwa, muka yi ta yi maka tsiya cewa an tura ka ƙasar waje ka koyo abin da kakarka take shiga da gatari kullum. Dukanmu mun ce za mu dawo. Kai kaɗai ka dawo ka zauna.

Ba ka bar mu mun huta da tsiyarka ba kai ma. Shekarar da Enoch ya zo gida yana bayyana mana cewa kowane tauraro wuta ce mai ci, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce, "Ashe aikinmu ɗaya, Enoch, ni da kai duk wuta muke karantawa. Sai dai taka ba ta taɓa cinye rumbun kowa ba, shi ya sa ka yi ƙiba." Enoch ya yi dariya har ya ƙware da kunu.

Wutar kuwa ita ce aikinka na gaske. A 1961 ka yanki filaye uku a gandun daji bayan Tabanni, girmansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, itatuwansu iri ɗaya. Na farko ka hana wuta shigarsa sam. Na biyu kana sa masa wuta da wuri, da zarar damina ta ɗauke, ciyawa na da sauran danshi. Na uku kana barinsa sai tsakiyar rani, komai ya bushe ƙarau, sannan ka cinna masa, yadda mafarauta suke yi in suna korar gafiya da gyazbi. Kowane fili ka kewaye shi da layin wuta, wato faffaɗar hanya da ake nomewa a share tas, domin in gobara ta taso daga waje ta iso nan ta rasa abin ci ta mutu. Duk shekara sai an sake share layin nan. In aka tsallake shekara ɗaya, ciyawa ta rufe shi, an gama.

Na gani da idona a 1968. Ka sa na cire takalmi, ni da nake babban ma'aikaci a Kaduna, ka ce in taka in ji. A fili na uku ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ba komai sai kututture da baƙaƙen sanduna. A na farko duhu ne da sanyi, itatuwan doka da maje da ƙawo sun haɗe kai, ganye ya ruɓe ya yi laushi ƙafa na nutsewa, ƙoramar gefensa tana da ruwa alhali 'yan'uwanta sun ƙafe. A na biyu kuwa ga kaɗanya da ɗorawa sun yi 'ya'ya, ga ɗanyar ciyawa ta tsiro wadda shanu za su ci. Ka ce mini, "Idrisu, ofis yana cewa a hana wuta, mutane suna cewa ba za su bari ba. Duk ba su tambayi dajin ba. Wuta ba laifi ba ce, lokacinta ne laifi."

Da wannan sani ka yi wa mutane alheri mai yawa. Doka ta ce wanda aka kama ya sa wa gandu wuta a kai shi gaban alƙali. Kai kuwa in an kawo maka mutum, sai ka ba shi tuwo ya ci, ka zaga da shi filayen nan uku cikin rana ba tare da ka ce uffan ba, sannan ka sallame shi. Wani tsohon maharbi ya taɓa ce mini da an ɗaure shi wata guda ya fi masa sauƙi da wannan zagaye, domin gidan yari ba ya sa mutum jin kunya haka. Fulanin da suke ƙona daji domin sabuwar ciyawa, ka bi su ruga-ruga ka roƙe su su yi da wuri, ka nuna musu ba su rasa komai ba. Leburorinka da ake sallama duk bayan 'yan watanni a sake ɗauka, don kada su zama ma'aikatan dindindin, ka hau jirgin ƙasa har Legas saboda su, ka tare a ɗakin Solomon ka hana shi sakat sai da ya tono maka abin da doka ta ce. Ba ka ci nasara duka ba. Abin da ka samu shi ne a bar su muddin kana kan aiki. Helen ta ce tun ba a yi bakwai ba aka ce su dakata a gida sai an turo sabon malamin daji. Ni na yi aiki a ofis, na san abin da "sai an turo" take nufi.

Ni ma ka yi mini. Lokacin da na gama bincikena kan yadda ake sayen gyaɗa da kaɗanya a hannun manoma, aka karɓa aka yi godiya aka kulle a kabad, aka mayar da ni wani lungu inda ba zan sake damun kowa ba, na ajiye aikin, na rantse da Allah ba zan sake taka ƙasar nan ba. Kowa ya yi ta ba ni baki. Kai ba ka bi sahunsu ba. Sai ga ka a tashar jirgin ƙasa ta Kaduna da gwangwanin man kaɗe daga fili na biyu, ka ce, "An ce sanyin can yana fasa ƙafa, ka riƙa shafawa. In ya yi saura ka gwada a zuciya, ko za ta yi laushi." Ganinmu na ƙarshe ke nan. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kai ma ba za ka so ba. Kana da taurin kai, Wakili. Shekara nawa ina roƙonka ka rubuta abin da ka gano ka fitar duniya ta karanta, kana cewa sai filayen sun cika shekara ashirin, wai itace ba ya gama magana da wuri. Aka ba ka ƙarin girma zuwa Kaduna ka ƙi, ba ka ko shawarci matarka Saude ba, ita da take son 'ya'yanku su yi makaranta a birni. Ba ka horar da wani malami da zai gaje ka ba, domin a ganinka kana nan. Mu ma duk haka muka ɗauka. Yanzu ga shi binciken da ya fi namu duka amfani ba ya cikin kowane littafi. Nawa yana kabad, ƙura ce kawai za ta same shi. Naka yana tsaye a daji, ashana ɗaya ta ishe shi.

Wannan ne ya hana ni zama tun ranar da Helen ta durƙusa a gabana, shi ne kuma dalilin da na aiko da wannan ta'aziyya gida a buga. Bana ba a share layin wuta ba. Wakili yakan yi shi ne da leburorinsa da kuma gayya: Saude ta bi gida-gida ta gayyato mutane, ta dafa tuwo ta dama kunu, a fita da fartanya a gama a yini biyu. Leburori suna gida. Saude tana takaba, ba za ta fita ba sai rani ya yi nisa, lokacin kuwa gobara ta riga ta bi ta kan komai. Gamba tana bushewa a yanzu haka da nake rubutu. Filin da bai ga wuta ba shekara goma sha uku ya tara busasshen ganye da itace har gwiwa. Ranar da wuta ta shige shi, ba za ta yi masa irin ta sauran daji ba, za ta cinye shi har saiwa. Daga nan babu wanda zai iya cire takalmi ya taka ya ji bambanci. Sai a koma gardama a ofis, a koma kai mafarauta gaban alƙali.

Saboda haka ina roƙo. Ranar addu'ar arba'in za ta faɗo farkon Disamba, na kuma san Tabanni za ta cika, domin babu ƙauyen da Wakili bai sha ruwansa ba. Mutanen Tabanni, mutanen Saminaka, mutanen Gwaska da kuka ɗauke shi a kan ƙyaure, Allah Ya saka muku: duk mai zuwa ya zo da fartanyarsa. In an shafa fatiha, 'yan'uwanmu Kirista sun yi tasu addu'ar, kada a watse. A nufi bayan gari a share masa layinsa. Leburorinsa sun san iyakar kowane fili, su za su nuna. Washegari da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, a sa wa fili na biyu wutarsa ta wuri. In an wuce arba'in an makara. Mafarauta kuma, don girman Allah, ku riƙe ashanarku har ranar. Tuwonsa yana cikinku.

Solomon, ka san abin da za ka yi game da mutanen da aka ce su dakata. Enoch, taurarinka ba za su gudu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saude, wadda ta yi haƙuri da shi da dajinsa, yanzu kuma aka ɗora mata haƙurin da ya fi wancan. Ina kuma miƙa ta ga 'ya'yansa Huseina da Asama'u, da mahaifiyarsa Iya Asibi, wadda ta yi zaton shi zai rufe ta. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya raya abin da ya bari. Ya Allah, bawanKa Wakili ya ƙare rayuwarsa yana tsare itatuwa daga wuta, Ka tsare shi daga wuta. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa shi a inuwar da ba ta gushewa. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani.

Rantsuwata kuwa zan karya ta, in yi kaffara. Mabuƙata goma da zan ciyar ba za su yi wuyar samu ba a hanyar Gwaska. Zan sauka Kano kafin arba'in in Allah Ya yarda. A ajiye mini fartanya, amma maras nauyi, hannuna ya daɗe bai riƙe komai ba sai alli.

Idrisu Abarshi
Leeds, Ingila