Hanyar da Malam Ya Buɗe wa Mubi

Wai ta ina magana take bi cikin waya? Har yau ban gane ba. Mijina ya shekara da rasuwa, ina kuka, jikata tana rubuta min.

Aikinsa a kamfanin waya a Jimeta shi ne gaya wa na'urori wace hanya za su nuna wa wani kamfani, wace za su ɓoye. Yakan zana min hanyoyin da yatsa cikin garin masara, in ce, "Malam, tuwona!"

Da aka ƙona turakun waya a Mubi, 'yarmu Dija tana can, waya ba ta shiga. Ya buɗe wa wancan kamfanin hanyar da ya saba rufewa. Sai ga muryarta! Na rangaɗa guɗa, duk unguwarmu ta Bekaji suka ji.

Allah ya haskaka kabarinsa. A asibiti ya yi murmushi ya ce, "Hajja, in Dija ta kira, ki bari ita ma ta yi magana."