Kwanon Ummu Nuriya

Cokali na hannuna na gane ɗana ya rasu. Kwana goma sha ɗaya da binne shi, duk gidan ni kaɗai ce ban sani ba.

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar Malam, maigidana, ban ƙara cewa komai a wannan zauren namu ba. Jiya ina haɗa kaya zan koma wurin 'yata, na ci karo da wani kwano, shi ya zaunar da ni rubutun nan. Ku yi haƙuri da shi, karatuna bai yi nisa ba.

Cikin shekarun tamanin ne, muna haya a Madina, unguwar Harra ta Gabas, ina da cikin fari wata takwas. Ƙafa ta kumbura, zobe ya ƙi fita. Gwaggo, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta ce haka cikin namiji yake. Sai ciwon kai, sai ƙyalli-ƙyalli a idona. Ban je awo ba.

Wata safiya na hau sama shanya. Na tuna na ɗaga zani. Shi ke nan abin da na tuna.

Na farka a asibiti bayan kwana uku, cikina a ɗinke. Jijjiga ce, jinina ya hau. Kowace awa a ɗaure mini hannu a auna, a karɓi fitsari, a yi allura mai zafi kamar wuta. Likitan Bamasare ne, ya ce, "Ya binti, daga nesa kika dawo."

Na ce ina abin da na haifa? Gwaggo ta ce, "Yana cikin kwalba, Dije, bai ƙosa ba. Ke dai ki ji da kanki."

Aka sallame ni ba shi. Ruwan nono yana jiƙa mini riga. Bakwai ta wuce, ban ji kukan rago ba. Na tambayi Malam sunan da ya raɗa masa, ya ce Muhammadu. Na tambayi Gwaggo, ta ce Usmanu. Na ɗauka kaina ne ya taɓu. Abinci ya fita raina, ko kunun kanwa aka kawo sai in kau da kai.

Sanyin Madina kun san shi, har ƙashi yake shiga. Ranar an tashi da iska, Gwaggo ta tafi la'asar a Harami, sai ga maƙwabciyarmu Ummu Nuriya. Mutanen kudancin Tailan ne, Fatani muke ce musu, mijinta ɗalibi ne a jami'a. Larabcinta guntu, nawa ma haka.

Ta buɗe kwano, tururi ya doki fuskata. Shinkafa ce ruwa-ruwa kamar fate, da kaza, da citta, da soyayyar tafarnuwa, da wata ciyawa mai ƙamshin lemon tsami. Ta ce, "Kuli, ya ukhti, ci. Sanyi ba kyau."

Na kai cokali ɗaya, na ji ɗumi ya sauka har wurin ɗinkin. Na biyu, gumi ya tsatso mini. Rabona da jin ɗanɗanon wani abu tun kafin in faɗi.

Sai ta dafa gwiwata ta ce, "Azzamallahu ajraki." Gaisuwar mutuwa ke nan.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ta toshe baki da hannu biyu. Ashe mijinta na cikin waɗanda suka raka Malam maƙabartar Baƙi'a binne ɗana. Mu kuwa ba ma gaya wa majinyaci mutuwa sai ya yi ƙarfi, ga likita ya ce kada a tayar mini da hankali. An ja kunnen kowane Bahaushe a layinmu. Ita aka manta.

Ban yi kuka ba. Na ci gaba da ci har na suɗe kwanon, ita tana kuka tana matsa mini ƙafa. Har yau ban san me ya sa ba.

Gwaggo ta dawo ta rufe ta da faɗa da Hausa: "Baiwar Allah, wa ya aike ki? Kashe mini 'ya za ki yi?" Ba ta ji ko kalma ba, amma ta gane.

Ba ta ƙara shigowa ba. Sai dai kullum bayan azahar a ƙwanƙwasa, a tarar da kwanon a bakin ƙofa da zafinsa. Shi na ci har na yi arba'in, jinina ya sauka, na fara taka bene da ƙafata.

Na gode wa Allah. Na yafe wa Gwaggo da Malam, tsoro ne ya sa su, Allah Ya ji ƙansu. Mai ciki, in ƙafa ta kumbura kai na sarawa, ki tafi a auna ki ranar, kada ki jira gobe. Masu jinya kuma, ku nemi hanya mai taushi ku faɗi gaskiya. Ruɗewar da na yi ta fi ɗinkin ciwo.

Kwano na ƙarshe na hana a mayar, don mu ba ma mayar da kwano haka nan. Na ce sai na yi ƙarfin tuƙa mata tuwo da hannuna, in kai, in ce ba ta yi mini laifi ba. Kunya ta sa na yi ta ɗagawa. Ranar da na tuƙa, na tarar da kwaɗo a ƙofarsu, sun koma ƙasarsu.

Ko cikakken sunanta ban sani ba. Kwanon yana gabana yanzu, ban mayar mata ba.