Ranar da Yaya Asabe ta karɓi naman layya

Da Babbar Sallar bana Yaya Asabe ta cika shekara ashirin da rasuwa. Tun tana shekara goma da rasuwa na so in yi wannan rubutu, to amma macen da ta koyi riƙe alƙalami bayan ta yaye 'ya'ya shida ba ta sauri. A ajin yaƙi da jahilci na yi ɗan karatuna, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da ni, a hankali zan tafi kamar yadda na saba.

Ba Asabe ne sunanta na yanka ba, Dabora take. Ita da mijinta Yarbawa ne daga can bayan Ilori. Sun zo Gagarawa Tasha lokacin da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Nguru, ni kuwa ina amarya, ban fi wata biyar a ɗaki ba. Mijin kafinta ne, shi ke yi wa tasha ƙofofi da tagogi. Kiristoci ne, amma ba Lahadi suke hutu ba, Asabar suke yi. Daga faɗuwar ranar Juma'a har ta sake faɗuwa washegari, ba ta hura wuta, ba ta daka, ba ta zuwa rijiya. Shi ya sa matan rijiya suka laƙaba mata Asabe, ta kuwa amsa da dariya. Sai daga baya na ji ana kiran ɗariƙarsu Adibantis.

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Ta girme ni da kamar shekara goma, ba ta da kowa a garin, ni ma dangina suna can Ɗanzomo. Na koya mata tuƙin tuwon dawa da kaɗa miyar kuka, ita kuma ta koya mini ɗinkin hannu. Hausarta a lokacin gurguwa ce, takan mai da namiji mace, mace namiji, mu yi ta dariya har surukata, wadda muke kira Inna, ta yi gyaran murya daga bayan danga.

Wata rana ina taya ta share ɗaki, sai na ga littattafai biyu a kan akwati. Ɗaya babba ne, sabo, mai hotuna. Ɗayan ƙarami, baƙi, duk gefensa ya cinye, shi ne kuma a sama. Mu dai mun tashi mun ga ba a ɗora komai a kan Alƙur'ani. Sai na ɗauka babban nan mai kyau shi ne littafin Allah a wurinsu, wani ne ya yi ganganci ya danne shi. Na goge hannuna a zane, na ɗaga shi da ladabi, na mai da shi sama, ina jin na yi mata gwaninta. Da ta shigo ta gani, sai ta sake juya su, ƙaramin ya koma bisa.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da 'yar Hausarta. Ƙaramin shi ne Littafinsu Mai Tsarki, da Yarbanci. Babban kuwa rubutun wata mata ce a ƙasar Turawa, wadda ta rasu ba da daɗewa ba, suka kuma gaskata Allah ya ba ta baiwar annabci. Da Turanci yake, mijinta ke karanta mata yana fassarawa. Na ce, to wadda Allah ya yi wa magana, yaya za a sa maganarta a ƙasa? Sai ta nuna gugan da ke rataye a danga.

“Ƙanwata, Littafi rijiya ne, ita kuwa guga. Guga yana kawo miki ruwa kusa da baki, kin gode masa. Amma in ya fito da abin da babu shi a rijiya, to a hanya ya kwaso.”

Ni ma ban ɓoye mata ba. Na ce mu a wurinmu an rufe ƙofar annabci daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ce ta sani, malamin unguwa ya faɗa wa mijinta. Daga nan muka koma shararmu. Shekara talatin da ɗoriya muka yi tare, ba ta ja ni nata ba, ban ja ta nawa ba.

Yanzu idan na zauna a tsakar gida, wa'azi ta ko'ina yake shigo mini, daga rediyo, daga kaset, daga lasifikar kasuwa. Jikokina su dawo suna cewa malam wane ya ce kaza, wani ya ce a'a, nasa malamin ya ce kaza, har tuwo ya huce. Sai in tuna da ita, in ce da tana nan me za ta ce? Na tabbata ba za ta yi gardama da kowa ba, ba halinta ba ne. Abin da na ga ta yi ranar rabon naman layya shi za ta sake yi.

A shekararmu ta biyu ne. Maigidana ya yanka rago, aka banƙare shi a sanduna, ya wuni yana shan wuta kamar yadda ake yi a ƙasarmu, da safe aka fara rabo. Na roƙi Inna a saka gidan kafinta. Ta ƙi. Ta ce ta ji mutanen nan ba sa cin goro, ba sa shan taba, ba sa shan shayi, wa ya san ko namanmu ma ƙyamarsa suke yi? Ita ba za ta aika da abin ibada a dawo mata da shi gari yana kallo ba. Na yi ta lallashi har ta yanko tsoka mai kyau daga cinya, ta sa a akushi ta rufe da faifai. Amma ta gindaya sharaɗi: in akushin nan ya dawo da namansa, ƙafata ta fita daga gidan kafinta ke nan har abada. Inna kuwa in ta faɗi magana, ta zauna.

Na fita da ƙarfin gwiwa, don na taɓa ganin Yaya Asabe ta ci kaza. Abin da ban lura da shi ba, ranar ta faɗo Asabar, kuma suna da baƙo. Wan mijinta ne ya zo daga Kudu, dattijo ne a ikilisiyarsu. Da can fataucin shanu yake yi, shi ya sa ya ji Hausa sosai. Na tarar da su zaune a rumfa, littattafan nan biyu a buɗe a kan tabarma. Na yi sallama, na durƙusa, na buɗe faifai.

Dattijon ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce an gode ƙwarai, amma 'yata ki koma da shi. Ya dafa babban littafin, ya ce baiwar Allah mai wannan littafi ta rubuta cewa barin nama ya fi wa jiki, shi ya bari shekara bakwai ke nan, ciwon gwiwarsa ma ya tafi, kuma ya zo ne ya ga gidan ƙanensa ya bari. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har ga Allah alheri yake nufi. Ni dai sai na ji akushin ya yi mini nauyi kamar turmi. Kafinta ya sunkuyar da kai, don ba ya musu da wansa.

Yaya Asabe ta dube ni. Ba ta san sharaɗin Inna ba, amma ta zauna da mu ta san abin da mayar da naman layya yake nufi. Ta taso ta zube gwiwa biyu a gaban dattijon, ta ɗauki ƙaramin littafin da hannu biyu ta miƙa masa. Da Hausa ta yi maganar, don in ji.

“Baba, ni yarinya ce, idona bai kai naka ba. Nuna mini a nan inda aka hana rago, yanzu in mayar da shi da hannuna.”

Ya karɓa. Ya buɗe gaba, ya buɗe baya, ya lashi yatsa ya sake buɗewa. Suka koma Yarbanci shi da ita da ƙanensa, ni ina durƙushe ina korar ƙuda da faifai, ƙafata har ta yi sanyi. Daga baya Yaya Asabe ta gaya mini abin da ya faru. Duk inda ya buɗe, sai ya tarar da rago cikin dabbobin da aka halatta, ga annabawa suna yanka wa baƙi, ga umarnin a zauna lafiya da maƙwabci. Ita kuma ta ce masa ba ta raina shawarar baiwar Allah ba, tana binta, shi ya sa nama bai cika shiga tukunyarta ba. Amma matar da kanta ta ce a auna maganarta da Littafi, to yaya za a mai da shawararta doka a inda Littafi bai kafa doka ba?

Can sai dattijon ya rufe littafin, ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce da ni, “'Yata, surukata ta kama ni. Babu. Ni dai ba zan ci ba, gwiwata ta fi mini rago, amma ban isa in hana ta ba.” Yaya Asabe ta karɓi akushin, ta yagi tsoka ta sa a baki a gabana. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar manja cikin tsarabarsa, ya ce yaba kyauta tukuici, a kai wa tsohuwa.

Inna tana bakin ƙofa tana jira. Ta ɗaga faifai, ta ga kwalba a maimakon nama. Tambaya ɗaya ta yi, ko matar ta ci ko ajiyewa ta yi. Na ce ta ci, da idona na gani. Ta juya kwalbar a rana, ta ce mai ja kamar jini, Allah ya kyauta. Kafin mako ya zagayo ta aike ni in tambayo yadda ake miya da shi.

Tun daga ranar ba a yi wata layya a gidanmu ba a kai mata cinya ba, har shekarar da ta kwanta ciwon ajali. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da na ga ta bari shi ne wannan hali: ta girmama mai magana har ƙasa, sannan ta tambaye shi inda ya samo maganar. Ban taɓa ganin ɗayan ya hana ta ɗayan ba. Na yi ƙoƙarin koya wa 'ya'yana haka a cikin namu addinin, wasu sun ɗauka, wasu suna hanya.

'Yarta tana Kano, ita ma ta yi jikoki. Ta bi sawun dattijon nan, ta bar nama gaba ɗaya, ta ce jikinta ya fi daɗi. Duk da haka kowace Sallah nakan soya cinya in ba direban motar Gumel ya kai mata, ba ta kuma taɓa mayarwa ba. Bana ta aiko mini da wasiƙa, na karanta da kaina. Ta ce ta rarraba wa maƙwabta da yara, amma kamar kullum ta yagi tsoka ɗaya ta ci a gaban direban, don ya zo ya shaida mini.