Ranar da Umma ta sake riƙe sitiyari a Giza

Ana idar da sallar asuba muka sauko daga benenmu na Abbasiya, ni da Umma. Aikin ido ya kawo ta daga Zariya, kuma tun da likita ya ce khalas, ta warke, ta ƙi leƙa ko bakin layi. Shekarun da ta yi tana gani dishi-dishi sun sa mata tsoron titi.

Maƙwabcinmu Bamisire, dattijon da muke kira Ammu, shi ya nace sai ya fita da mu. Ya turo tsohuwar motarsa daga lungu, 'yar ƙarama ruwan ɗorawa, mai buɗewa ta baya. Umma ta tsaya cak. "Irin motata!" Ashe irinta ta tuƙa tana sabuwar malamar asibiti, kafin a haife ni. Ban taɓa sani ba.

Muka bi ta Ramsis, muka hau gada, kogin Nilu na sheƙi a ƙasa. Motar sai tari take, ƙaurin fetur ya cika ciki, ƙananan bas-bas na danna mana oda, Ammu yana lallashinta kamar mai jinya. A Giza muka karya da ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya, muka kora da ruwan rake, kuma ya fi na unguwarmu araha. Umma ta ce ta'amiyya ƙosai ne da ya yi karatu a waje.

Bayan mun wuce dalar Fir'auna muka isa wurin sayar da motoci inda 'yar Ammu ke aiki. Ga jikar tsohuwar motar tamu nan a tsaye: fuska ɗaya, ƙugu ɗaya, sai dai ba salansa, ba tankin mai, caji ake mata kamar waya. Na tambayi kuɗinta, da aka faɗa muka yi dariya kawai.

'Yar Ammu ta ce Umma ta gwada a filin baya. Umma ta ja da baya.

"In na kaɗe wani fa?"

"Umma, ba kowa a filin sai mu, mu kuma mun yafe," na ce.

Ta daɗe tana kallon motar kafin ta yi bismillah ta shiga, na zauna gefenta. Ƙafarta ta hagu ta yi ta laluben kulocin da babu. "To ku kunna mana," ta ce. Ashe a kunne take tun ɗazu! Muka sulale shiru, a hankali kamar masu rakiyar amarya. Da ta sha kwanar farko sai kafaɗunta suka sauka. Ta hango wani allo can nesa, ta karanto shi da ƙarfi, ta ƙara gudu, tana dariya tana hawaye. Ammu na ta tafi yana cewa tamam, tamam.

Da la'asar muka dawo Abbasiya cikin cunkoso, Umma a gaba tana gyara wa Ammu hannu. Tafiyar ta koya min cewa kafin ta zama Ummata, wata ce mai ƙarfin hali, kuma tana nan daram. Ko mayafi ba ta cire ba ta kira ƙaninta a gida.

"Ka bincika min yadda ake sabunta lasisi. A'a, ba na yaran ba. Nawa."