Wata Goma Sha Huɗu a Motar Littattafai

Da muka yi aure ba mu da ɗaki, sai mota. Wata Baturiyar mishan ce da ta daɗe tana aikin jinya a Kagoro ta bar wa majami'a ita da za ta koma ƙasarsu. Dattawa suka damƙa wa maigidana, don ya riƙa zagaya ƙauyuka yana sayar da Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi. Cikinta akwai gado, da tebur, da kabad, da murhun gas. Ranar da aka kawo ta mata suka yi ta leƙawa suna cewa na more. Ni ma haka na ɗauka.

Sati bai zagayo ba na gane abin da na shiga. Gadon da teburin abu ɗaya ne, in za a ci abinci sai an naɗe shimfiɗa. Tukwanena suna ƙarƙashi, kwalayen littattafai sun tare su. Kafin in dama koko da safe sai na tashi maigida mun fitar da kwali shida waje. Ranar da aka wayi gari da ruwan sama littattafai ba sa fita, don haka tukunya ma ba ta fita, sai mu ci gyaɗa mu sha ruwa.

A wata na biyu gas ya ƙare. Aka ce sai Jos ko Kaduna. Murhun ya koma wurin ajiye takalma, ni kuma duk inda muka tsaya sai in nemi duwatsu uku in roƙi itace. Ga shi an ƙera motar tun ana bin hannun hagu, da ƙasar ta koma bin dama sai ƙofarmu ta zama tana buɗewa cikin titi. A Zonkwa saura kaɗan mai babur ya kwashe ni da kwanon miya a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanka da bayan gida. Kullum sai na yi sallama a gidan da ban san kowa ba, da buta a hannu, yara suna kallona. Matan fastoci suna da kirki, amma a kwana na huɗu kana ganin gajiya a fuskar mutum. Ranar kasuwa kuwa maigida yakan tafi da motar. Sai a bar ni a gindin mangwaro da tukunya a wuta, ba zanen canji, ba inda zan kishingiɗa, har ya dawo da yamma.

Na taɓa ce masa, "Maigida, ko ɗaki ɗaya ne mu kama a Kafanchan, ka riƙa zuwa kana dawowa."

Ya ce, "Dattawa sun ce motar ce gidan ma'aikaci. In na nemi ɗaki za su ce na raina."

Ban sake tayar da maganar ba.

A tsakiyar damina, muna dab da shiga Gwantu, motar ta yi wata ƙara ta tsaya. Mutanen gona suka taimaka aka tura ta bakin kasuwa. Makanikin garin, wani Bahaushe dattijo da ya saba da manyan motocin itace, ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Da ya fito sai ya nuna mana wani ƙarfe da ya rabe biyu.

Ya ce, "Malam, wannan ba ya ɗinkuwa. Irinsa kuma ban taɓa gani a nan ba. Sai an aika Kaduna, jirgin ƙasa ya kawo Kafanchan."

Na tambaye shi, "Baba, kwana nawa?"

Ya ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba."

Sati biyar muka yi a wurin. Ciyawa ta fito a ƙarƙashin tayoyi. Rufin ya fara yoyo daidai kan kabad, muka kwashe littattafai muka jera a kan gado, mu muka takure a gefe. Sau biyu maigida yana zuwa tashar jirgi a Kafanchan. Na farko babu komai, na biyu aka ba shi ƙarfen wata mota dabam.

Wata Laraba ina wanki, sai ga wani mai wa'azi a kan keke yana tambayar masu motar littattafai. Ya miƙo mini wasiƙa, ambulan ɗin ya yi baƙi don shan hannu. Ƙanwata ce ta rubuta. Ta ce Babanmu ba shi da lafiya sosai, yana ta kiran sunana, in zo da sauri. Na duba ranar da ta rubuta, kwana ashirin da uku ke nan. Ta aika Kagoro, aka ce mun tafi Zonkwa. A Zonkwa wasiƙar ta kwana biyu a aljihun fasto, sannan aka ba wani ɗan kasuwa, shi kuma ya manta da ita a cikin jaka. Ba wanda ya yi da mugunta. Ba su san inda muke ba ne.

Na zauna a bakin ƙofar motar da kumfa a hannuna. Maigida ya karɓa ya karanta. Babu motar da za ta fita daga garin sai ranar kasuwa, saura kwana biyu. Na yi su ina kallon hanya.

Da na isa gida, tun daga nesa na ga an share tsakar gida an kwashe bencinan zaman makoki. An binne shi kwana tara da suka wuce. Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Mun aika miki." Na ce, "Na sani, Mama."

Na yi sati biyu tare da ita. Daga nan na koma Gwantu, don can kayana suke. Na tarar ƙarfen ya iso, makaniki ya ɗaura, maigida yana ɗaure kwalaye. Ya ce ana jiranmu da littattafan waƙoƙi a wani taron mata na majami'a. Na wanke tukwane na tura su ƙarƙashin gado, muka kama hanya. Sai da muka ƙara wata bakwai a haka.